Daga rijiyoyin Mushairib zuwa ɗakin gwaji: Yadda ake bin sawun gubar da ba ta ruɓewa

Sunan unguwar Mushairib da ke tsakiyar Doha, babban birnin Qatar, daga ruwa ya samo asali. Kalmar Larabci ce da ke nufin 'yar ƙaramar mashaya, wato wurin da mutane da dabbobi ke zuwa shan ruwa. Akwai wani kwari da ya ratsa wurin zuwa bakin teku, kuma a kusa da shi aka haƙa rijiyoyi. Kundin bayanan yankin Gulf da jami'in Birtaniya J.G. Lorimer ya tattara, wanda aka buga a 1908, ya ambaci rijiyoyin Mushairib a cikin wuraren da mutanen Doha ke samun ruwa, har ma sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya da ke garin a lokacin suka ajiye masu gadi a kansu.

A yau babu mai jefa guga a Mushairib. Tun daga 2010 aka rushe yawancin tsohuwar unguwar, aka gina sabuwa a kan fili mai faɗin hekta 31, da gine-gine sama da 100, da babbar tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa inda layuka uku na birnin suka haɗu. Ruwan da ke zuba daga famfunan otal-otal da ofisoshin unguwar daga teku aka ɗebo shi, aka cire masa gishiri a manyan matatu irin ta Ras Abu Fontas da ta Umm Al Houl. Qatar ba ta da kogi, kuma ruwan saman da take samu a shekara kusan kashi ɗaya cikin goma ne na abin da Kano ke samu. An kafa matatar ruwan teku ta farko a ƙasar a 1953, yanzu kuwa kusan dukkan ruwan da ake sha a gidaje daga irin waɗannan matatu yake fitowa.

Ruwan da aka sha wahala kafin a same shi ba a barinsa ya tafi a banza. Bayan an yi amfani da shi sai a tace shi a sake ba shi wani aikin, kamar ban ruwan itatuwan gefen titi da noman abincin dabbobi da sanyaya manyan gine-gine. Ƙasar da ruwanta ke zagayawa haka tana da dalilin sa ido kan duk wani sinadari da ba ya ruɓewa, domin idan ya shiga zagayen fitarsa ba ta da sauƙi. Akwai kuwa wani babban dangin sinadarai da wannan hali ne ya sa suka yi suna a duniya. Masana na kiran su PFAS, 'yan jarida kuma sun laƙaba masu suna “sinadarai na har abada”.

Mene ne PFAS?

Sinadarai ne da ɗan'adam ya ƙirƙira a masana'anta, kuma yawansu ya kai dubbai. Abin da ya haɗa su shi ne ƙirarsu: jerin ƙwayoyin kabon da suka riƙe juna kamar sarƙa, ƙwayoyin fulorin kuma sun lulluɓe su. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da fulorin yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a ilimin haɗa sinadarai. Zafin girki ba ya karya shi, rana ba ta cin sa, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye da mushe ma ba su iya yi masa komai.

Labarin ya soma ne a 1938, lokacin da wani masani a kamfanin DuPont na Amurka mai suna Roy Plunkett ya yi kiciɓis da wani farin abu mai santsi a cikin tukunyar iskar gas da yake gwaji da ita. Shi ne abin da daga baya aka sa wa suna Teflon, wanda ake shafa wa tukwane da kasaken suya don kada su yi ƙanzo. Daga nan dangin suka bazu zuwa rigunan ruwa da kafet da takardar naɗe abinci mai maiƙo da wasu kayan kwalliya da fatun da aka yi wa maganin jiƙewa. A shekarun 1960 rundunar sojan ruwan Amurka da kamfanin 3M suka samar da wata kumfar kashe gobarar mai, wadda ke shimfiɗuwa a kan fetur ta toshe wa wuta numfashi. Bayan gobarar da ta hallaka mutum 134 a jirgin ruwan yaƙi na Forrestal a 1967, kumfar ta zama kayan aikin dole, ta kuma shiga filayen jiragen sama da sansanonin soja da matatun mai a ko'ina cikin duniya. Ta ceci rayuka da yawa, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai an shafe shekaru ana atisaye da ita a fili, tana tsima cikin ƙasa.

Biyu daga cikin dangin, PFOA da PFOS, su aka fi yin nazari a kansu. Idan suka shiga jikin mutum sukan ɗauki shekaru kafin rabinsu ya fita. A garin Parkersburg na jihar West Virginia, inda DuPont ke da masana'anta, wani manomi mai suna Wilbur Tennant ya ga shanunsa na mutuwa, lauya Rob Bilott ya ɗauki ƙararsa a ƙarshen shekarun 1990, kuma shari'o'in da suka biyo baya suka kai ga auna jinin mutum kusan 69,000. Kwamitin masana da aka kafa ya kammala aikinsa a 2012, ya ce akwai yiwuwar alaƙa tsakanin PFOA da cututtuka shida, ciki har da sankarar ƙoda da ta 'ya'yan maraina da hawan jinin masu juna biyu. A 2023 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya PFOA a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan'adam. Yarjejeniyar Stockholm kan gubobi masu daɗewa, wadda Qatar da Najeriya da Nijar duk suna cikinta, ta sanya PFOS a jerinta a 2009, PFOA kuma a 2019.

A watan Afrilun 2024 Amurka ta ƙayyade cewa kada PFOA ko PFOS ya wuce kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha. Idan aka kwatanta, daidai yake da ɗigo ɗaya a cikin ruwan da zai cika tankokin dakon mai kusan 380, kowacce mai cin lita 33,000.

Na wane ne?

Gano PFAS a cikin ruwa ya daina zama abin mamaki. Wani nazari da masana daga jami'ar Stockholm da takwarorinsu na Zurich suka wallafa a 2022 ya nuna cewa ana samun su har a ruwan saman da ke sauka a Antatika da tsaunukan Tibet. Wani aikin haɗin gwiwa na 'yan jarida da jaridar Le Monde ta Faransa ta jagoranta a 2023 ya lissafa wurare sama da 17,000 da suka gurɓata a nahiyar Turai kaɗai. Tambayar da ta rage, wadda kuma kuɗi ke rataye a kanta, ita ce daga ina wannan da ke cikin rijiyar nan ya fito, kuma wa zai biya kuɗin tsabtace ta.

Kuɗin ba na wasa ba ne. A 2023 kamfanin 3M ya amince ya biya hukumomin samar da ruwa na Amurka aƙalla dala biliyan 10.3, kamfanonin DuPont da Chemours da Corteva kuma suka amince da kusan dala biliyan 1.2. A Italiya, wata kotu a Vicenza ta yanke wa tsofaffin shugabanni 11 da ke da alaƙa da masana'antar Miteni hukuncin ɗauri a watan Yunin 2025, saboda gurɓata ruwan da dubban ɗaruruwan mutane ke sha a yankin Veneto.

A irin waɗannan wurare sawun a bayyane yake, domin babbar masana'anta ce tsaye a saman ruwan kowa na ganinta. A yawancin birane abin ba haka yake ba. Filin jirgi na gabas, bola na yamma, matatar ruwan datti na kudu, ga kuma wata masana'anta da aka rufe shekaru ashirin da suka wuce. Kowa zai nuna ɗan'uwansa da yatsa, kuma PFOS ɗin da ya fito daga kumfar 'yan kwana-kwana da wanda ya fito daga tsohon kafet suna ɗaya, ƙira ɗaya.

Kafin zuwan dabarar da ake magana a kanta, masu bincike na da hanyoyinsu. Sukan duba haɗin da ke cikin ruwan, wato waɗanne 'yan dangin ne a ciki kuma nawa-nawa, tunda kowace sana'a da irin gaurayen da take amfani da shi. Sukan kuma duba siffar sarƙar. Hanyar da 3M ya daɗe yana bi, wadda ake tura wutar lantarki cikin ruwan sinadari, takan fitar da PFOS wanda kusan kashi 70 cikin 100 nasa miƙaƙƙe ne, sauran kuma masu rassa. Wata hanyar da ake ɗora gaɓa a kan gaɓa, wadda DuPont ya koma amfani da ita bayan 3M ya sanar da janyewa daga wannan sana'a a 2000, miƙaƙƙu zalla take fitarwa. Wani lokaci kuma sa'a kan zo, a sami sinadarin da masana'anta ɗaya tak ke fitarwa a yankin, kamar yadda aka sami GenX a kogin Cape Fear na jihar North Carolina, aka bi shi har ƙofar masana'antar Chemours da ke kusa da Fayetteville.

Raunin waɗannan hanyoyi shi ne tafiya na sauya haɗin. Masu gajeriyar sarƙa suna gudu tare da ruwa, masu doguwa suna maƙalewa a ƙasa, masu rassa kuma kan riga miƙaƙƙu isa. Bayan tafiyar kilomita biyar a ƙarƙashin ƙasa, abin da ya iso rijiya ba lallai ya yi kama da abin da aka zubar ba. Lauya mai wayo ba ya barin wannan ƙofa ta wuce shi.

Tagwayen da nauyi ya bambanta

A nan ne aisotof ya shigo. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, kuma a cibiyar akwai ƙananan ƙwayoyi iri biyu, furoton da niyutiron. Yawan furoton shi ke tantance ko wane sinadari ne: mai shida kabon ne, ko'ina aka same shi. Yawan niyutiron kuwa yana iya bambanta. Kusan kashi 99 cikin 100 na kabon ɗin duniya yana da niyutiron shida, ana kiran sa kabon-12. Ɗan abin da ya haura kashi 1 yana da bakwai, shi ne kabon-13. Tagwaye ne masu hali ɗaya, sai dai ɗaya ya ɗan fi nauyi. Waɗannan tagwaye su ake kira aisotof. Dukkan biyun tsayayyu ne, ba sa rikiɗewa kuma ba sa fitar da tururin nukiliya, saɓanin kabon-14 da ake amfani da shi wajen ƙididdige shekarun kayan tarihi.

Ɗan bambancin nauyin nan yana barin alama. A duk wani haɗi na sinadarai, mara nauyin yakan ɗan riga mai nauyin shiga. Saboda haka rabon kabon-13 da kabon-12 a cikin abu yana ɗauke da tarihin inda ya fito da hanyar da ya biyo, kamar yadda tsagar gado a fuska ke gaya wa dattijo ko baƙonsa Bagobiri ne ko Babarbare tun kafin ya buɗe baki. Bambancin ƙanƙani ne ƙwarai, da kashi cikin dubu ake auna shi, ana kwatanta shi da wani ma'auni da duniya ta amince da shi, wanda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Vienna ke kula da shi.

Misalin da ya fi kusa da mu yana cikin kasuwa. Gero da dawa da masara da rake suna kama iskar kabon ta wata hanya da ta bambanta da ta shinkafa da alkama da yawancin itatuwa, don haka kabon-13 ya fi yawa a jikinsu. Ƙudan zuma kuwa galibi furannin itatuwa da tsirrai na rukuni na biyu yake tsotsa. Idan mai sayar da zuma ya yi mata algus da sukarin rake, harshe na iya ruɗuwa, amma na'ura za ta ga kabon-13 ya yi yawa. An shafe shekaru ana kama masu algus ɗin zuma da wannan gwaji. Da shi kuma ake bambanta sinadarin ƙara kuzari da jikin ɗan wasa ya samar da kansa da wanda aka haɗa a masana'anta.

Tunanin da aka ɗora a kan PFAS bai wuce wannan ba. Kabon ɗin da ke cikin sarƙar daga ɗanyen mai ko iskar gas ya samo asali, kuma iskar gas galibi ta fi ɗanyen mai ƙarancin kabon-13. Kowane mataki na haɗawa a masana'anta yana ƙara karkata rabon. Idan kamfanoni biyu suka sayi kayan haɗi daga wurare daban, ko suka bi hanyoyi daban, PFOA ɗinsu zai fito da suna ɗaya amma da tsaga daban. Wani abin lura shi ne taurin kan da ya mai da waɗannan sinadarai annoba shi ne kuma ke taimakon mai bincike. Sauran gubobi, kamar na fetur, ƙwayoyin halitta kan ci su a hanya, su fi cin marasa nauyin, alamar ta sauya. Abin da ba ya ruɓewa ana sa ran zai isa rijiya da tsagarsa yadda ya baro gida.

Fulorin ba shi da ɗan tagwai

To me ya sa aka daɗe ba a yi ba? Dalili na farko halitta ce ta kawo shi. Fulorin, wanda shi ne ya fi yawa a jikin waɗannan sinadarai, tsayayyen aisotof ɗaya tak gare shi, fulorin-19. Babu ɗan tagwai da za a kwatanta shi da shi, don haka ba ya ba da wani labari. Dole a koma ga kabon, ko oksijin, ko farar wuta a wajen irin su PFOS da ke ɗauke da ita.

Na biyu shi ne yadda na'urar gargajiya ke aiki. Sai an ƙona samfurin ƙurmus ya koma iskar kabon, sannan a tura shi ta cikin maganaɗisu wanda zai raba masu nauyi da marasa nauyi ya ƙidaya su. Ga shi kuwa abin da ake son ƙonawa an ƙera shi ne don ya jure wuta. Idan bai ƙone duka ba sakamakon ya karkace. Idan ya ƙone, fulorin ɗin da ya kuɓuce yakan zama wani asid mai cin gilashi, ya lalata bututun na'urar.

Na uku shi ne ƙanƙanta. Ruwan da ke ɗauke da 'yan ɗigo a cikin ɗaruruwan tankoki sai an tace lita da yawa kafin a tara abin da na'ura za ta iya aunawa, kuma sai an raba sinadarin da ake nema da duk sauran abubuwan da ke cikin ruwan, ba tare da aikin rabawar ya karkata rabon tagwayen ba. Ɗakin gwajin kansa ma abin zargi ne, tunda bututu da murafan kwalabe da yawa da Teflon aka yi su.

A 'yan shekarun nan an sami hanyoyi biyu na kauce wa ƙonawa. Ta farko ita ce na'urar Orbitrap, wadda masanin kimiyya Alexander Makarov ya ƙirƙira, ta kuma shiga kasuwa a 2005. Tana kama ƙwayoyin sinadarin yadda suke, ta sa su kewaya wani ƙarfe mai siffar mazari, daga yadda suke kai-komo kuma ta gane nauyinsu daidai wa daida. Ƙwayar PFOA da ke ɗauke da kabon-13 guda ɗaya za ta fito daban da 'yar'uwarta, kuma abin da na'urar ke buƙata kaɗan ne.

Ta biyu ta fito ne daga Jami'ar Texas da ke Austin, inda Cornelia Rasmussen da David Hoffman suka wallafa sakamakon aikinsu a 2024. Sun yi amfani da na'urar maganaɗisu mai aiki da irin ƙa'idar da na'urar hoton cikin jiki ta MRI ke aiki da ita a asibiti. Dabararsu ita ce sauraron fulorin ɗin kansa. Ko da yake ba shi da ɗan tagwai, amon da yake bayarwa yakan ɗan sauya idan maƙwabcinsa kabon-13 ne. Ta haka ake sanin rabon tagwayen a kowane gurbi na ƙwayar ɗaya bayan ɗaya, maimakon jimilla guda. Adadi ɗaya na iya dacewa da na wani kamfani bisa katari, amma adadi huɗu ko biyar a jere da wuya su dace. Sun gwada dabarar a kan wasu magunguna da maganin kashe ƙwari masu ɗauke da fulorin. Cikas ɗinta shi ne tana buƙatar samfuri mai yawa fiye da abin da kwalbar ruwan rijiya za ta bayar.

Gaskiyar magana, waɗannan hanyoyi suna matakin tasowa ne. Masu bincike na ɗaukar su a matsayin ƙarin shaida da za a ɗora a kan tsofaffin hanyoyin.

Ruwan Doha ma yana da tsagarsa

Akwai wata hanyar da ta riga ta nuna, kuma ta dace da birni irin Doha: a bar gubar, a tambayi ruwan da ya ɗauko ta. Ruwa ma yana da tagwaye, oksijin-18 da haidurojin mai nauyi. Duk lokacin da rana ta busar da ruwa, marasa nauyin ne ke fara tashi. Ruwan sama, wanda daga tururi ya taso, yakan zo da ƙarancin masu nauyi. Tekun Fasha kuwa ba shi da zurfi, mashigar Hormuz ce kaɗai ƙofarsa, ga rana mai tsanani, shi ya sa gishirinsa da tagwayensa masu nauyi suka fi na babban teku yawa. Cire gishiri ba ya goge wannan alama. Ruwan famfon Mushairib yana ɗauke da tsagar teku, ruwan da tsofaffin rijiyoyin unguwar suka tara kuwa tsagar ruwan sama gare shi.

Wannan na da amfani domin Doha na fama da wata matsala da ba a zata ba a hamada: ruwan ƙarƙashin birnin ya daɗe yana tasowa sama, saboda yoyon bututu da ban ruwan lambuna da ruwan datti da ke tsima, har sai an riƙa janye shi daga ramukan gini. Mai bincike da ya ɗebi irin wannan ruwa zai iya faɗin kashi nawa ne na sama, kashi nawa na matata. Tagwayen naitirojin da na boron kuma suna taimakawa wajen bambanta ruwan bayan gida da na takin zamani da na teku. Idan aka sami PFAS a wata rijiya, ruwan kuma ya nuna alamar ruwan datti da aka tace, hankali zai koma ga magudanan gidaje da masana'antu. Idan ruwan sama ne zalla da ya tsima ta wani fili, sai a tambayi abin da aka taɓa zubarwa a filin.

Ga mai shan ruwan famfo a Qatar akwai kwanciyar hankali guda: matatun da ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin siraran fatun tacewa suna cikin mafi inganci wajen tsare PFAS. Amma tsarewa suke yi, ba kashewa ba. Abin da aka tsare yana bin ragowar ruwan gishiri ya koma teku. Matatun ruwan datti na yau da kullum kuwa, a ko'ina cikin duniya, ba a ƙera su don cire waɗannan sinadarai ba, shi ya sa ruwan da ake sake amfani da shi da dagwalon da ke kwantawa a matatun su ne wuraren da masana suka fi sa wa ido.

Auna tagwayen ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tsakanin 2012 da 2017 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta yi aiki da ƙasashe 13 na yankin Sahel, ciki har da Nijar da Najeriya, wajen auna aisotof na ruwan ƙarƙashin ƙasa, har da babban rumbun Iullemeden da ya shimfiɗu ƙarƙashin yammacin Nijar da yankin Sakkwato, da kuma na tafkin Chadi. Manufar ita ce sanin shekarun ruwan da inda yake samun ƙari. Irin wannan taswira ce mai bin sawun guba ke fara nema.

Inda hujjar ta tsaya

Akwai iyakar da ya kamata a faɗa a fili. Tsagar da ke jikin sinadari tana nuna wanda ya ƙera shi ne, ba ta faɗin wanda ya zubar da shi. A Amurka ko Italiya, inda mai ƙerawa da mai zubarwa kan zama kamfani ɗaya, wannan ya wadatar. A ƙasashen da saye suke yi, kamar Qatar da Najeriya, filin jirgi da matatar mai da tashar ruwa na iya sayen kumfa daga kamfani ɗaya a shekara ɗaya. Na'ura za ta ce kumfar wane kamfani ce, amma ba za ta raba gardama tsakanin masu sayen uku ba. Sai an haɗa da sanin inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya dosa, da takardun saye, da shaidar tsofaffin ma'aikata.

Akwai kuma matsalar gauraye. Idan guba daga wurare biyu ta haɗu, adadin da na'ura za ta bayar zai faɗo a tsakiya, ya yi kama da na wani na uku da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wasu 'yan dangin kuma sukan rikiɗe a hanya har su zama PFOA ko PFOS, rikiɗar kuwa na iya taɓa rabon tagwayen.

A Najeriya, wani bincike da aka wallafa a 2013 ya gano waɗannan sinadarai a dagwalon wasu matatun ruwan datti na kudu maso yammacin ƙasar, ko da yake adadin bai kai abin da ake gani a ƙasashe masu manyan masana'antu ba. Ga birni kamar Kano, wuraren da mai bincike zai fara dubawa su ne waɗanda ake fara dubawa a ko'ina: wuraren atisayen kashe gobara, da manyan bololi, da magudanan unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa da Challawa da Bompai. Sana'ar fata ta cancanci a ambace ta, domin a garin Rockford na jihar Michigan majemar kamfanin Wolverine mai takalman Hush Puppies ce ta daɗe tana amfani da Scotchgard, wani maganin hana jiƙewa na 3M. Sharar da aka binne ta gurɓata rijiyoyin gidaje, aka gano a 2017, kuma a 2020 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 69.5 don kai wa gidaje kusan dubu ruwan famfo. Jimar gargajiya da ake yi da bagaruwa ba ta cikin wannan lissafi. Maganar ta shafi sinadaran gyaran fata na zamani ne da ake shigowa da su.

Duk wannan aiki ya dogara ne da abu ɗaya da ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Zanen yatsa ba ya kama ɓarawo sai akwai kundin da za a kwatanta shi da shi, kuma kundin tsagar PFAS yanzu ake fara haɗa shi. Kamfanin 3M ya sanar a ƙarshen 2022 cewa zai daina ƙera dukkan dangin zuwa ƙarshen 2025, ƙasashe da dama kuma na kwashe tsohuwar kumfa daga rumbunan 'yan kwana-kwana suna sauya ta da wadda ba ta da fulorin. Kowace ganga da aka lalata ba tare da an ɗebi samfuri ba, shaida ce ta tafi. Abin da hukumar filin jirgi ko ta kashe gobara, a Doha ko a Kano ko a Yamai, za ta iya yi tun yanzu shi ne ta ɗebi kwalba ɗaya daga kowane irin tsohuwar ganga kafin a kwashe ta, ta rubuta sunan kamfanin da ya yi ta da lambar kaya da shekarar da aka saya da filin da aka yi atisaye da ita, ta kulle a ma'aji.